Zoɓon da Ya Kwana a Ɗaki: Nazarin Wani Ƙauye a Arewacin Jigawa, 2016 zuwa 2024

Ƙauyen da matsalarsa

Ƙauyen yana ƙasar Gumel, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a babur ba zuwa kasuwar Maigatari mai ci ranar Alhamis. Ƙasarsa rairayi ce mai saurin shanye ruwa, daminarsa kuma gajeriya: ruwa ya zauna a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, ya ɗauke kafin Oktoba ta yi nisa. Babu fadama, babu noman rani. Gero da wake ne abinci. Kuɗi kuwa daga riɗi da zoɓo yake fitowa, sai ɗan abin da aka samu a kiwon tumaki da awaki. An sakaya sunan ƙauyen da na mutanensa, domin a cikin labarin akwai bashi, akwai asara, akwai saɓani tsakanin dangi.

Kayan da ƙauyen ke nomawa ana nemansu a ƙasashen waje, amma daga 2018 ya kasa sayar da su da daraja. Babu rijiyar mai a ƙauyen, babu ramin zinariya, duk da haka waɗannan biyun da ake tonowa daga ƙasa suna da hannu a kusan kowane mataki na abin da ya faru.

Kafin zoɓo: gyaɗa da mai, 1911 zuwa 1986

Dattawan ƙauyen sun riski ƙarshen zamanin gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 gyaɗa ta fara gangarawa Legas. Daga baya layin dogo ya miƙa zuwa Nguru, ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, inda aka yi dalar gyaɗa irin ta Kano. A shekarun 1960 Nijeriya ce ke gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Idan dattawan suna labarin lokacin, mutumin da suka fi ambata shi ne ma'aikacin duba kaya, wanda ke soka ƙarfe a buhu ya zaro gyaɗa, ya duba tsakuwa da ruɓaɓɓiya, sannan ya ce a karɓa ko a mayar.

An sami mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Tsakanin 1973 da 1974 farashinsa a duniya ya ninka kusan sau huɗu. A daidai waɗannan shekarun aka yi babban fari a Arewa, sai kuma a 1975 cutar da ke nannaɗe ganyen gyaɗa ta cinye gonaki. Fari yakan wuce, cuta ma ana samun irin da ke jure mata. Abin da ya hana gyaɗa tashi shi ne dalolin mai da suka cika ƙasa har naira ta yi ƙarfi fiye da kima. A 1980 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Wanda ya sayar da gyaɗa a waje sai ya dawo da 'yan nairori kaɗan, man girki na waje ya fi na gida araha, matasa kuma suka tafi birni aikin gini. Masana tattalin arziki suna kiran wannan hali ciwon Holan, domin a can aka fara lura da shi bayan gano iskar gas a 1959. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, tsarin duba kaya tun daga ƙauye ya bi su.

Tun daga nan mai ne ke kawo mafi yawan dalar da Nijeriya ke samu, a shekaru da yawa sama da kashi 80 cikin 100, alhali a 'yan shekarun nan rabonsa a jimillar tattalin arzikin ƙasa bai kai kashi 10 ba. Noma yana da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma shi ne ke riƙe da yawancin mutanen karkara.

2016 zuwa 2017: shekarun da zoɓo ya yi kuɗi

Gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a Janairun 2016. Dala ta yi ƙaranci. A watan Yunin 2016 canjin gwamnati ya tashi daga naira 197 zuwa wajen 300, a farkon 2017 kuma kasuwar bayan fage ta taɓa 500. Duk ɗan kasuwar da ke neman dala sai ya shiga neman abin da zai loda a kwantena. Zoɓo na cikin abin da aka waiwaya, domin mutanen Meksiko suna shan ruwansa yau da kullum kamar yadda muke sha, kuma manomansu na jihar Gerero ba sa iya wadatar da su.

Kafin wannan lokaci, a ƙauyen, yakuwa harkar mata ce. Ana jera ta a iyakar gona, a yi miya da ganyen, a yi daddawa da gurguzu, a shanya jan a sayar kwano-kwano. A daminar 2016 sai ga maza sun ba ta gona sukutum. Ba ta son taki mai yawa, tana jure ƙarancin ruwa, kuma ana cire ta a Nuwamba da Disamba bayan an gama da gero. A 2017 gidajen da suka shuka ta don sayarwa sun kai wajen 60.

Wahalar zoɓo a hannu take. Sai an raba jan daga ƙwanson iri ɗaya bayan ɗaya, ga ƙaiƙayi, kuma kusan kilo 10 na ɗanye ne ke ba da kilo ɗaya na busasshe. Mata da yara ke wannan aiki. Ana shanya a ƙasa, a kan soro, a bakin hanya, inda kaji da awaki ke ratsawa. Ana zubawa a tsofaffin buhunan da suka taɓa ɗaukar gero ko gyaɗa ko taki, a jibge a ɗaki ɗaya da wake. Dillalai suna zuwa a babur da sikelin ratayawa, duk abin da yake ja suna saye, don haka ba wanda ya ga aibun wannan hanya. Wasu ma sukan yayyafa ruwa a daren Laraba, ko su bar yashi a gindin buhu, don nauyi.

A wannan tsakanin ne kuma ƙauyen ya fara rasa hannu. An gano zinariya a Jado, can arewacin Nijar, a 2014. Ko da hukumomin can suka rufe wurin a 2017, akwai wasu ramukan kusa da iyakar Aljeriya, akwai kuma na Zamfara. Samari wajen 20 suka tafi. Ci-rani da aka saba yana ƙarewa da faɗuwar ruwan farko. Mai haƙar zinariya kuwa ba ya duba sama.

2018: ƙofa ta rufe

Masu duba kaya a tashoshin jiragen ruwan Meksiko sun riƙa samun wani ɗan ƙwaron rumbu, da ake kira kafra, a kwantenonin zoɓon da suka fito daga Nijeriya. Ƙwaron yana son zafi da bushewa, yana rayuwa a hatsi da gyaɗa da tsofaffin buhuna, tsutsarsa kuma tana iya laɓewa a tsagar bango ko ɗinkin buhu ta daɗe ƙwarai ba ta ci komai ba. Ƙasashen da ba su da shi suna tsoron shigarsa rumbunansu. Zuwa 2018 Meksiko ta dakatar da karɓar zoɓon Nijeriya gaba ɗaya.

Ba wanda ya ga takarda a ƙauyen. Abin da aka gani shi ne dillalai sun daina ɗaukar waya, kuma cikin 'yan makonni kuɗin buhu a Maigatari ya koma ƙasa da rabi. Babu mai iya cewa ƙwaron daga wannan ƙauye ya fito. Kwantena mai ƙafa 40 tana cin wajen tan 12 na zoɓo, an tattaro shi daga ƙauyuka da dama na ɓangarorin iyaka biyu, ya kwana a sito-sito a Dawanau, ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000 zuwa Legas, ya kuma jira layi a tashar jirgin ruwa ta Apapa. A ko'ina cikin wannan tafiya ƙwaron zai iya shiga, hukuncin kuwa ya hau kan kowa. Ba shi ne karo na farko ba: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa.

2018 zuwa 2020: abubuwan da aka gwada

Abu na farko da aka yi shi ne riƙe kaya. Masu ɗan hali suka ce farashi zai dawo, suka kulle buhunansu. Biyu daga cikinsu har bashi suka ci suka sayi na maƙwabta da araha. Zoɓon ya ga zafin bazara, ya ga laimar damina. Ɗakunan na ƙasa ne, buhunan kuma a kan daɓe suke, jingine da bango. Da aka buɗe a kaka, na ƙasa ya yi fumfuna, gara ta ci gindin wasu buhunan, launin ya koɗe daga ja mai duhu zuwa ruwan ƙasa. Aka sayar wa masu zoɓon sha na cikin gida a ƙasa da kuɗin da aka ƙi karɓa a Fabrairu. Ɗaya daga cikin masu bashin ya sayar da shanun huɗarsa biyu kafin ya fita.

Da aka ji cewa ƙwaro ne sanadi, sai aka koma magani. A kakar 2018 gidaje da yawa suka yayyafa fiya-fiya a kan buhunan zoɓo, yadda suka saba yi wa wake. A lokacin akwai wakilin wani mai fitar da kaya zuwa Jamus, inda ake haɗa zoɓo a ganyen shayi, yana zagayawa yana neman kaya mai tsabta. Ya zura hannu a buhu uku, ya shinshina, ya koma kan babur ɗinsa. Masu saye a Turai suna auna ragowar magani a ɗakin gwaji, kuma abin da hanci ya ji tun a ƙauye ba zai wuce a can ba. Kasuwar da ta rage a buɗe ita ma ta kuɓuce.

A daminar 2019 yawancin gidaje suka juya ga riɗi. Wannan bai zama asara ba, amma bai cike gurbin ba. Riɗi yana da masu saye da yawa, Japan da Sin da Turkiyya na cikinsu, farin riɗin wannan yanki ma 'yan kasuwa da sunan Maigatari suke kiransa. Sai dai riɗi ba ya jira. Idan ƙwanson ƙasa ya yi rawaya, dole a yanka a ɗaure a tsayar cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba ya fashe ya zube a rairayi. Aikin na masu ƙarfi ne, masu ƙarfin kuma suna ramin zinariya. A watan Agustan shekarar gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, 'yan ƙodagon da ke ƙetarowa daga Nijar suka ragu, kuɗin ƙodago ya hau. Gidajen da suka faɗaɗa gona fiye da hannunsu sun bar wani kaso na riɗin a ƙasa. Wanda aka tattara ma an kakkaɓe shi a kan rairayi, aka rage masa kuɗi saboda yashi.

Gwaji na huɗu shi ne tsallake dillali. A ƙarshen 2020 magidanta takwas suka haɗa kayansu, suka ɗauki hayar mota zuwa Dawanau. Kuɗin mota, abin da aka bari a shingayen hanya, kuɗin sauke kaya, kwana biyu a kasuwa, sannan la'adar dillalin can wanda ba a iya sayarwa sai ta hannunsa, suka cinye bambancin farashin. Kayan kuma gauraye yake, kowane gida da irin nasa, sai aka saye shi duka a kuɗin mafi muni. Ranar 16 ga Disamba aka sake buɗe iyakar Maigatari, kayan Nijar ya kwararo, aka bar maganar mota.

2021: tampol, sikeli da ɗaki guda

Cikin waɗanda suka bi motar akwai wani saurayi da ya zauna a Dawanau ya yi leburanci a wani sito har bazara. A can ya ga abin da ke faruwa da zoɓo bayan ya bar hannun manomi. Ana zazzage kowane buhu, a rairaye yashi, mata su zauna layi suna tsince kara da ƙwanso da kashin awaki, a ware mai duhu daga mai haske, a ware cikakken fure daga gutsattsari. Buhu yakan rage sosai. Mai sito ya san haka tun kafin ya saya, saboda haka ya riga ya cire kuɗin asarar da na masu tsinta daga farashin da ya ba dillali.

Da ya dawo, bai je wurin maza ba. Ya je wurin matar marigayi wan babansa, dattijuwar da ke riƙe da adashin matan unguwa. Ya ce mata, "Inna, kuɗin tsintar da ake biya a Dawanau daga jikinmu ake cire shi." Ta yi masa tambayoyi a kan yadda masu sito ke ware kaya, sannan ta tara matan adashinta. Bayan sallar Juma'a ta tura shi da wasu dattawa biyu gaban Bulama, da saƙo guda: "Ranka ya daɗe, ɗaki muke roƙo, wanda hatsi bai taɓa kwana a ciki ba." Aka ba su wani ɗakin bulo da aka gina don shago ba a taɓa buɗewa ba.

A wannan lokaci ne, tsakanin 2021 da 2022, aka daidaita tsakanin Meksiko da hukumar NAQS mai kula da lafiyar tsirrai da dabbobin da ke shiga da fita. Sharaɗin shi ne a riƙa yi wa zoɓo hayaƙin kashe ƙwari a ɗakunan da aka amince da su kafin a loda, a kuma ba shi takardar shaida. Wannan ya ƙara wa masu fitarwa kuɗi da tsoro, sai suka fara neman kayan da ba zai jawo musu magana ba.

Gidaje 11 suka shiga a kakar farko. Ƙa'idojin ba a rubuce suke ba. Iri ɗaya za a shuka, mai ja mai duhu, daga gurguzun da dattijuwar ta zaɓa. Za a shanya a kan tampol, a baza shi sirara, a tattara kafin raɓa ta sauka. Ba a ɗaure buhu sai fure ya karye ƙaras a hannu. Na'urar wakilin mai saye tana neman danshin da bai wuce kashi 12 cikin 100 ba, kuma iskar hunturu tana kai shi nan cikin 'yan kwanaki. Buhu sabo kawai. A ɗaki, buhu yana kan katako, ba ya taɓa bango. Magani ko ɗigo ba ya shiga, domin hayaƙi aikin mai fitarwa ne. Waken gida kuma aka koma zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ta hana su iska, don kada fiya-fiya ta ma kusanci gidan da ake aikin zoɓo.

Tampol huɗu da sikeli ɗaya da kuɗin adashi aka saya. Wannan kuɗin ne kuma ya warware babbar matsala, wadda ba ta tsabta ba ce. Maigida da ya kai buhu yana son kuɗinsa a ranar, ga bikin kaka, ga bashin damina. Sai aka tsara cewa duk wanda ya kawo kaya za a auna a gabansa, a ba shi rabin kuɗin kasuwar wannan makon nan take, sauran idan an sayar.

An sami tirjiya. Dillalin garin ɗan uwa ne ga rabin gidajen, kuma yana ba da bashi da damina a biya shi da zoɓo. Ya yi ta cewa mata za su riƙe wa mutane kaya har ya lalace kamar na 2018. Maganar ta yi tasiri, gidaje biyu suka janye. Abin da ya tsayar da sauran ya faru ne a mako na uku. Aka kawo buhu biyu daga gidan Bulama, dattijuwar ta zura hannu ta ji sanyi, ta ce a mayar a ƙara shanyawa. Ɗan da ya kawo ya yi fushi ya kai ƙara gida. Bulama ya ce a yi yadda ta ce. Daga ranar ba wanda ya sake gardama idan an mayar masa da buhu.

A ƙarshen Janairun 2022 ɗakin yana da tan biyu da 'yan kai. Saurayin ya kira wakilin mai siton da ya yi wa aiki. Wakilin ya zo ya zazzage buhu biyar da ya zaɓa da kansa, ya auna danshi, ya biya kusan kashi ɗaya cikin biyar sama da kuɗin Maigatari, kuma shi ya kawo mota. An kwashe kayan kafin zafi ya shigo.

2022 zuwa 2024

Ruwan 2022, wanda ya yi ɓarna mai yawa a Jigawa, ya zubar da katangar da ke kare wurin shanya, ya kuma cika wasu gonakin da ke kwari. Amfanin ya ragu, amma gidaje sun ƙaru zuwa 23. A farkon 2023, daidai lokacin sayarwa, aka shiga ƙarancin takardun naira saboda canjin kuɗi. Waɗanda suka kai kaya kasuwa sun sayar a karye ga duk mai tsabar kuɗi a hannu. Masu ɗaki sun karɓi taransifa ɗaya a asusun saurayin, suka sha wahalar cirewa a wurin masu POS, amma farashinsu bai taɓu ba.

Sauran abubuwan daga nesa suka zo. A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, wadda zoɓonta na Kordofan ke cikin masu suna a duniya, kuma ita ma babbar mai fitar da riɗi ce. Masu saye suka ƙara waiwayo Nijeriya. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A watan Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli aka sake rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Kuɗin zoɓo a naira ya yi tsalle. Haka kuɗin tampol, da buhu, da babur zuwa kasuwa, da kwanon gero ga wanda nasa ya ƙare.

A kakar 2024 gidaje 34 ne a ciki, kaya ya kai tan bakwai, masu saye biyu ke neman ɗakin. An fara kakkaɓe riɗi a kan tampol ɗin zoɓo kafin lokacin zoɓon ya zo. Daga samarin da suka tafi zinariya, shida sun dawo sun zauna. Ɗaya ya dawo da abin da ya sayi babur da gona. Sauran sun dawo da tari da bashin mota.

Hukunci

Duk gwaje-gwajen da suka faɗi sun ɗauki zoɓo kamar kayan da ake tonowa. Ɗanyen mai ana iya barinsa a tanki ko a ƙarƙashin ƙasa a jira farashi. Ana gane ingancinsa da awon nauyi da na sinadarin farar wuta, sunansa kamar Bonny Light ya ishi mai saye a ko'ina, yana bin bututu daga rijiya zuwa jirgi a Bonny ko Forcados ba tare da ya ga layin Apapa ba. Zinariya ta fi haka sauƙi, tana shiga aljihu, kuma giram ɗinta kuɗi ɗaya ne ko wa ya tono ta. Zoɓo kuwa daga ranar da aka cire shi yake tafiya zuwa lalacewa, yana bi ta hannun ɗaruruwan mutane, kuma yana iya ɗaukar abin da zai cuci rumbun wata ƙasa. Saboda haka mai sayensa yana sayen amana tare da kaya. Wanda ya riƙe shi ya yi asara, wanda ya fesa masa magani ya ɓata amanar, wanda ya kai shi Dawanau a gauraye ya kai matsalar ne kusa da mai saye.

A gona ƙauyen ba ya bayan kowa. Rana, da iskar hunturu mai busar da kaya kyauta, da shukar da ba ta neman taki, abubuwa ne da manomin Meksiko ko na Tailan zai so ya samu. Inda ake kayar da mu shi ne tsakanin cirewa da ɗaure bakin buhu, kuma nan ɗin ne dattijuwar ta gyara, da kuɗin da bai kai na saniya ɗaya ba.

Akwai abin da ke damuna a lissafin. Shekarun da zoɓo ya yi kuɗi, 2016 da 2023, shekarun da naira ta faɗi ne, wato lokacin da dalar mai ta kasa riƙe ta. Wani ɓangare na ribar ba ƙoƙarin manomi ba ne, kuma idan dala ta sake yawaita zai tafi kamar yadda na gyaɗa ya tafi. Abin da zai rage shi ne kashi ɗaya cikin biyar ɗin da tsabta ta jawo. Sannan kayan da suka ceci zoɓon, tampol da buhu da ledar wake, duk daga mai da iskar gas ake yin su, motar da ke ɗaukarsa kuma dizal take sha. Idan mai ya yi tsada manomi ya biya a nan, idan ya kawo dala da yawa ya biya a wurin canji.

Duk da haka ina ganin ƙasar da ke da irin wannan ƙauye ta yi kuskuren inda ta zuba hankalinta. Kuɗin mai sai ya bi ta Abuja da Dutse da sakatariyar ƙaramar hukuma kafin ɗigonsa ya iso. Zinariya tana biya nan take, amma mun ga abin da ta jawo a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Kuɗin zoɓo yana sauka a tafin matar da ta ɓare shi, kuma gonar tana nan baɗi.

Abin da ƙauyen ya kasa, ba zai taɓa iyawa shi kaɗai ba. Ɗakin hayaƙi, takardar shaida, hanya, tashar jirgi, da zama da hukumomin wata ƙasa, duk aikin gwamnati ne da manyan 'yan kasuwa. Aikin ma'aikacin duba kaya na zamanin gyaɗa yanzu wata tsohuwa ce ke yin sa ba albashi, a ƙauye ɗaya. Idan jihar ta sa masu duba kaya a kasuwanni irin Maigatari, aka raba zoɓo daraja-daraja kowace da kuɗinta, mai yayyafa ruwa zai daina ba sai an yi masa wa'azi ba. Har yanzu kuma kaso mai yawa na zoɓon ƙasar nan ƙasa ɗaya yake nufa, kuma tsutsa guda daga siton wani tana iya mayar da kowa 2018.

Tan bakwai ya ɗan haura rabin kwantena. Mai sayen ya ce idan suka cika 12 zai loda nasu shi kaɗai, ba a gauraya da na kowa ba, ya kuma ƙara kuɗi. An fara magana da ƙauyuka biyu na kusa. Sun yarda da tampol da sabon buhu da rabin kuɗi a hannu, amma ba su yarda matar wani gari ta mayar musu da buhu ba, ita kuma dattijuwar ta ce ba za ta haɗa kayanta da wanda hannunta bai shiga ba. Bulamomin uku sun sa zama kafin shukar bana.